Amsa kan yadda ake ɗaukar sauti mai kyau a wajen aikin fim

Ɗan'uwa, ka ce hotonka yana fita tangaran amma sauti yana ba ka kunya, kuma kana tambayar wane makirfo ya kamata ka saya. Kafin ka kashe ko sefa ɗaya, ka duba nisan da ke tsakanin makirfo da bakin mai magana, domin a nan mafi yawan matsalar take. Duk lokacin da nisan ya ninka, ƙarfin muryar yana raguwa da kusan desibel 6 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti), alhali ƙarar babura da ta janareta tana nan yadda take. Makirfon jikin kyamara da ke mita 3 daga mutum unguwar gaba ɗaya yake kwasowa, amma ɗan ƙarami da aka maƙala a wuyan riga, kamar taƙi ɗaya daga baki, muryar yake kamawa ko da mai araha ne.

Ni sai da na ji a jikina kafin na koya. Wani hunturu na yi hira da wani tsohon masunci a bakin kogin Binuwai a Garwa, ban sa abin saurare a kunne ba, na dogara da ma'aunin da ke motsi a fuskar rakoda. Da na koma gida na kunna, ba abin da ke fita sai bugun iska, ashe ita ce take motsa ma'aunin, tsohon kuwa ya riga ya tura kwalekwalensa ya tafi. Tun daga ranar ba na danna ɗauka sai kunnuwana suna rufe, kuma na gane cewa soson da ake sa wa kan makirfo shi kaɗai ba ya tare iskar hunturu, sai an ɗora masa rigar makirfo mai gashi.

A saitin rakoda ka zaɓi nau'in fayil ɗin sauti na WAV, ingancinsa kuma kilohaz 48, bit 24, ka saita yadda murya mafi ƙarfi za ta tsaya wajen -12 a ma'aunin rakoda, wanda ƙololuwarsa 0 ce, domin wanda ya fara magana a hankali yakan ɗaga murya idan zance ya yi daɗi, kuma sautin da ya taɓa 0 ya fashe ke nan. Idan daga baya ka sayi dogon makirfo na sanda mai wayar XLR, wato mai haƙora uku, yawancinsu suna buƙatar wuta bolt 48, wadda rakodoji irin su Zoom H4n da Tascam DR-40 duk suna bayarwa. Ka fi amfani da batir, saboda wutar soket takan shigo da wani gunji na lantarki cikin sautin.

Ka tafa hannu sau ɗaya a gaban kyamara don haɗa sauti da hoto wajen tacewa, a kashe wayoyi, ka kuma tsara aikinka a tsakanin lokutan kiran salla. Fanka da firji ma sai an kashe, ko da yake a zafin Afrilu za ka sha harara. Idan an gama, ka roƙi kowa ya yi shiru na minti ɗaya ka naɗi sautin wurin, domin da shi za ka cike giɓin da yanka zai bari.