An ce in karɓi shugabancin tim ɗin gwajin manhaja, ta ina zan fara?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mai gwajin manhaja ne, na daɗe a aikin har na kai matakin siniya, to yanzu shugaban tim ɗinmu zai tafi kuma ana ta min maganar in maye gurbinsa. Ina so amma gabana na faɗuwa, don ni abin da na iya shi ne in zauna gaban kwamfuta in zaƙulo kurakurai. Sai na yi satifiket ɗin ISTQB, wato hukumar da ke ba masu gwajin manhaja takardar shaidar ƙwarewa, tukun ko in karɓa kawai?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya sanya alheri. Abin da za ka fara sawa a ranka shi ne wannan aiki ne daban da wanda ka saba, suna ne kawai ya yi kama. Yanzu ana yaba maka ne da kurakuran da ka kamo da hannunka, to ranar da ka hau kujerar nan ba wanda zai ƙara tambayarka wannan, abin da za a duba shi ne me tim ɗinka ya bari ya fita zuwa wayoyin mutane.

Ga yadda abin yake. Gobe za a saki sabon abdet, ka buɗe Jira, manhajar da tim ke rubuta matsalolin da aka gano, ka ga akwai matsaloli uku da ba a rufe ba, ɗaya a shafin biyan kuɗi take amma a tsofaffin wayoyin Android kaɗai take fitowa, ga manajan firojek a kanka yana cewa an riga an yi wa kwastoma alkawari ba za a ɗaga ba. Mai gwaji zai ce ga matsala nan na rubuta, shikenan ya sauke nauyi. Kai kuwa sai ka faɗa musu su waye za ta shafa, me za a yi asara in ta faru, za a iya sakin abdet ɗin ga mutane kaɗan tukun a gani, kuma in ya kwaɓe akwai hanyar komawa tsohon cikin gaggawa ko babu. Ka tuna abin da ya faru da kamfanin tsaron kwamfuta na CrowdStrike ranar 19 ga Yulin 2024, abdet ɗaya ya durƙusar da kwamfutoci masu Windows kusan miliyan 8.5 kamar yadda Microsoft ta faɗa, jirage suka tsaya, bankuna da asibitoci suka rikice, kuma cikin gyaran da kamfanin ya yi alkawari daga baya har da sakin irin wannan abdet kashi-kashi. Irin maganar da za ka riƙa yi a mitin kenan, da harshen da wanda bai san kod ba zai gane.

Inda siniyoyi suka fi faɗawa rami shi ne ƙaiƙayin hannu. Za ka ga ƙaramin ma'aikaci ya kwashe kwana biyu yana fama da gwajin Selenium, wato manhajar da ake sa ta gwada shafin yanar gizo da kanta, wanda kai cikin awa ɗaya za ka gama, zuciyarka ta ce kawo kawai in yi. Kar ka karɓa. Zauna kusa da shi ka tambaye shi ina ya maƙale, ka bar kibod ɗin a hannunsa ko da abin na ci maka rai, in ba haka ba wata shida nan gaba kai ne mai gwaji kai ne shugaba, ka gaji, su kuma ba su koyi komai ba. Ka ware wa kowa kamar minti 30 duk sati ko sati biyu ku zauna ku biyu. Kuma don Allah kar ka auna su da yawan kurakuran da suka shigar, wallahi matsala ɗaya za su raba ta tikiti biyar a Jira.

Batun ISTQB, hukumar tun 2002 take kuma tana da satifiket na babban mataki kan shugabancin gwaji, amma sai kana da na matakin farko za ka zauna masa. Yana ƙara wa takardunka nauyi, ba na musu, sai dai ni ban ga dalilin da za ka ƙi kujera don jiransa ba, ka yi shi kana kan aikin.

Kafin ka ce na karɓa, ka tambayi ogan naka ƙarara: ina da ikon cewa a dakatar da abdet? Da ni za a riƙa ɗaukar sabbin ma'aikata? Ni zan rubuta rahoton ƙwazon abokan da muke zama tare jiya? In duk amsar a'a ce to suna kawai za a ba ka da ƙarin wahala. In kuma ka duba ka ga hidimar mutane ba ta dame ka ba, kod ɗin ne a ranka, ka tambaya ko akwai matsayin mai tsara yadda gwajin kamfanin gaba ɗaya zai gudana, manyan kamfanoni da yawa suna da shi kuma ba sai ka shugabanci kowa ba.