Me Ya Sa Soja Ke Ɗaura Ƙaramar Bindiga Alhali Ga Babba?

Tambaya: Assalamu alaikum. Malam, na lura hafsoshin soja kan ɗaura ƙaramar bindiga a ƙugu, ƙananan sojoji kuwa suna saɓe da manyan bindigogi. Shin alamar muƙami ce kawai, ko tana da aiki a fagen daga? Kuma ina asalinta?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, ƙaramar bindiga, wadda aka fi sani da fistol, makami ne na wanda hannunsa ke kan wani aiki. Mayaƙan dawakai ne suka fara dogara da ita a Turai, domin wanda ya riƙe linzami da hagu, hannu ɗaya ya rage masa. Daga baya ta gaji takobi a ƙugun hafsa, tunda aikinsa ba da umarni ne da duba taswira. A yau matuƙin jirgin yaƙi da 'yan sandan soja da sojan cikin tanka ne suka fi buƙatarta, saboda ƙofar tanka ƙuntatacciya ce, kuma idan wuta ta kama, doguwar bindiga na iya sarƙe mutum wajen fita. Sai dai amfaninta bai cika wuce mita 50 ba, shi ya sa ake zaro ta idan abokin gaba ya riga ya iso gab.

Labarin da ya fi bayyana wannan shi ne na sojojin Amurka a kudancin Filifin a farkon ƙarni na 20, inda suka gwabza da Musulmin yankin da ake kira Moro. Libarbar da ke hannunsu mai harsashi .38 ce (lambar na nuna kaurin harsashin), kuma suka yi ta kai ƙorafi cewa sai a harbi mutum sau da dama, amma ya iso da takobinsa. Wannan ya sa rundunar ta nemi harsashi mai nauyi, wato .45. Maƙerin bindigogi John Browning ya tsara wadda kamfanin Colt ya gabatar, kuma a gwajin ƙarshe an harba harsashi 6,000 da ita ba ta cije ba. Idan ta yi zafi sai a tsoma ta cikin ruwa a ci gaba. Aka karɓe ta a 1911, aka sa mata suna M1911. Harsashi 7 kacal gidanta ke ɗauka, amma ta yi yaƙin duniya biyu da na Koriya da na Biyetnam, ba a sauya ta ba sai a 1985, lokacin da Beretta M9 mai ɗaukar 15 ta maye gurbinta don a daidaita harsashi da mai milimita 9 na ƙawancen NATO. A 2017 kuma aka zaɓi ƙirar SIG Sauer.

A ganina, wadda ta fi cancanta a sani ita ce Browning Hi-Power. Browning ya rasu a 1926 bai kammala ta ba, sai Dieudonné Saive na kamfanin FN a Beljiyam ya ƙarasa, ta fito a 1935 tana ɗaukar harsashi 13, wanda abin mamaki ne a wancan zamani. A yaƙin duniya na biyu ɓangarorin biyu duka sun yi amfani da ita: Jamusawa sun kama masana'antar a 1940 suna ƙera wa kansu, Kanada kuma tana ƙera wa sojojin ƙawance. Sojojin ƙasashe fiye da 50 sun riƙe ta, har da na Najeriya, kuma Birtaniya ba ta ajiye ta ba sai a 2013, da ta koma Glock 17.

Batun alamar muƙami kuwa akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma abin ya ragu, domin maharbin ɓoye kan fara neman wanda ba ya ɗauke da babbar bindiga, ya san shi ne shugaba. Saboda haka hafsan da ke bakin daga a yau yakan saɓa irin bindigar yaransa, fistol ɗin na cikin kube.