Dalilin da ya sa mujalla ta dawo da aikin Dakta

Tambaya biyu ka yi mini, ƙanena. Ta farko, me ya sa mujallar nan ta ilimin halayyar ɗan Adam ta dawo wa Dakta, wanda ya kawo mana aikin bugu a shago, da maƙalarsa wai manazarta ba ta zauna daidai ba, alhali ka tsara ta yadda ka koya. Ta biyu, wuraren da babu shekara ko lambar shafi, ko za ka iya cikewa da abin da ya yi kama da gaskiya.

Ta biyun zan fara amsawa, don ita ce mai haɗari. A'a. Ko Dakta ne da kansa ya ce "sa wani abu kawai", kada ka sa. Manazarta kwatancen gida ce: wanda ya karanta maƙalar a Ibadan ko a Landan zai bi ta ya je ya ga inda aka ɗebo maganar. In ka ba shi shekarar da ba ita ba, ka tura shi wata unguwa. Waƙafin da ya ɓace edita zai iya yafewa, amma madogarar ƙarya tana iya zubar da mutuncin mai aikin, shagonmu kuma ya tafi tare da shi.

Ta farkon kuwa, tsohon tsari ka bi. Tsarin da ake kira APA na ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka ne. Ya faro a 1929 a matsayin ɗan rubutu mai shafi bakwai, ya yi ta girma har ya zama littafi. Bugu na shida ya fito a 2009, shi ne ake yayi lokacin da Jami'ar Tarayya ta buɗe a nan Gusau a 2013, hannun masu buga takardu da yawa ya faɗa da shi. Bugu na bakwai ya fito a ƙarshen 2019, kuma shi wannan mujallar ke so.

Bambancin ba shi da yawa, sai dai edita da kallo ɗaya yake gane shi. A da, in marubuta uku ne zuwa biyar, sai ka jera su duka a ambaton farko. Yanzu daga uku zuwa sama, sunan na farko kawai za ka sa, ka bi shi da et al., wato "da sauransu", tun daga farawa. A jerin manazarta na ƙarshen maƙala kuwa abin ya juya: ana rubuta suna har ashirin, maimakon bakwai na da. Garin da aka buga littafi an daina sa shi, don haka duk waɗannan Zariya da Kano da ka sa gaban sunan maɗaba'a, goge su. Lambar DOI kuma, wato lambar shaidar da ake gano maƙala da ita a intanet, a siffar adireshin intanet ake rubuta ta, ta fara da https://doi.org/, ba a sa mata aya a ƙarshe.

Buɗe shafin manazartar ka dubi ta Bandura, wadda kusan duk mai rubutu kan yarda da kai sai ya ambata. A cikin rubutu (Bandura, 1977) ne. A jerin ƙarshe sai ka sa Bandura, waƙafi, A da aya, shekara a baka biyu, aya. Taken maƙalar a miƙe yake, babban baƙi a kalmar farko da wadda ta biyo bayan ruwa biyu kawai, sai fa in sunan mutum ne ko na wuri. Sunan mujallar, Psychological Review, shi ake karkatarwa (italic) tare da lambar kundi, wato 84. Lambar fitowa, 2, tana manne da ita cikin baka biyu amma a miƙe. Sai shafuka, 191–215. Kai kuwa juya abin ka yi, ka karkatar da taken, ka bar mujallar a tsaye. Layi na biyu kuma yana shiga ciki da rabin inci. A wajen saitin sakin layi ake yin sa, ba da danna sarari ba. Wanda aka yi da danna sarari, da an buɗe shi a wata kwamfutar sai ya watse.

Duk wannan yaro mai kai zai haddace shi a mako guda. Inda aikin yake shi ne haɗa ciki da ƙarshe. Ka fitar da maƙalar a firinta, ka ɗauki jan biro, ka bi ta layi-layi. Duk sunan da ka ci karo da shi, ka je jerin ƙarshe ka yi masa alama, ka tabbata shekarar ɗaya ce, harafin sunan ma ɗaya ne. In ka gama, abin da ya rage babu alama ba a ambace shi ba, ba shi da hurumin zama. Wanda ke ciki amma babu shi a jeri, ka rubuta shi a gefe. Abin da ba ya shiga jeri shi ne irin hirar da marubuci ya yi da wani baki da baki, ita a cikin rubutu kaɗai take tsayawa. In mutum ɗaya yana da aiki biyu a shekara ɗaya, sai a raba su da a da b a jikin shekarar. In kuma an kwafo maganar wani kalma da kalma, dole lambar shafi. Ta kai kalma 40, sai a ware ta a sakin layinta ba tare da alamar zance ba.

Sunayenmu na nan gida su ne suka fi ba da wahala, ni a ganina. Bature ya san sunan danginsa. Mu kuwa mutum ɗaya yau ya sa sunan mahaifinsa a ƙarshe, gobe ya ƙara da Anka ko Gummi ko Tsafe. Kada ka zaɓa masa. Yadda ya rubuta a kan wannan maƙalar, shi za ka bi, ko da ka san shi, ko da unguwarku ɗaya.

Akwai kuma sabuwar fitinar da ta shigo. Wasu suna kawo manazarta da ChatGPT ya haɗa musu, tsaf da ita, kowane waƙafi a wurinsa, amma maƙalar babu ita a duniya. Manhajojin tsara manazarta irin su Zotero da Mendeley ba sa ƙirƙira, sai dai abin da aka zuba musu shi suke fitarwa, har da kuskurensa. Saboda haka kowace DOI ka liƙa ta a intanet ka ga inda za ta kai ka. In shafukan neman maƙaloli irin su Crossref ko Google Scholar ba su nuna ta ba, ka sa mata alamar tambaya. Akwai n.d., wato "babu shekara", da ake sawa in aikin da gaske ba shi da shekara, amma ba a yi ta don wanda ya ƙi bincike ba.

Kafin ka taɓa fayil ɗin, shiga shafin mujallar ka karanta umarninta ga marubuta, don wasu suna bin APA amma da ɗan nasu ƙarin, kuma nasu ne ke gaba. Sannan ka jera wuraren nan da ba su cika ba a takarda ɗaya, kowanne da shafin da yake, ka tura wa Dakta ta WhatsApp ya cike da kansa. Ka gaya masa gyaran manazarta kuɗinsa daban ne da na bugu.