Mako uku da sayen motar hannu, giya ta fara zamewa: gyara, canji ko mayarwa?

Tambaya: Na ciri kuɗi daga jarina na sayi motar hannu mai giya otomatik don kai wa abokan ciniki kaya. Yau mako uku ke nan. Da safe idan na sa ta a D sai ta yi jim kafin ta kama, sannan ta fizga. Idan ta yi zafi a hanya kuma, inji ya yi ta kuka amma gudu ba ya ƙaruwa. Bakanike ya ce a sauke giyabos a sa wani, wanda ya sayar mini kuma ya ce lafiya lau ya ba ni ita. Yaya zan yi kada jarin ya narke?

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya sauwaƙe. Kafin komai, ajiye motar nan. A cikin giyabos na otomatik akwai faya-fayai sirara da makanikai ke kira faiba, ƙarfin mai ne ke matse su su kama. Kukan injin da kake ji ba tare da gudu ba, faya-fayan ne ke gogar juna ba su kama ba, gogar kuma zafi take haifarwa. Duk tafiyar da ka ƙara yi da kaya a baya, kana mayar da ƙaramin gyara babba ne. Idan za a kai ta gareji, a ɗauke ta a kan babbar mota ko a ɗaga tayoyin da ke ja. Famfon man giya da inji yake juyawa, don haka jan ta da igiya inji a kashe yana sa ƙarafan ciki su yi ta juyi babu mai.

Kada kuma ka bari a sa mata sifana tukuna. Ranar da aka kwance giyabos, ranar mai sayarwa ya samu abin faɗa: bakanikenka ne ya ɓata. Idan kana da bidiyon allurar inji tana hawa, allurar gudu kuma tana tsaye, adana shi. Ɗauki hoton lambar kilomita. Ka rubuta wa mutumin saƙo mai kwanan wata, ka faɗi abin da motar ke yi da ranar da ta fara, cikin ladabi, ba zagi ba barazana. Sai ka koma kan takardar ciniki. Akwai garanti? An rubuta cewa ka saya a yadda ka gan ta? Daga kamfanin dillancin motoci ka saya ko daga hannun mai ita? Doka ta fi kama ɗan kasuwar mota fiye da mutumin da ya sayar da tasa ta hawa. A Ingila, misali, dokar kare masu saye ta 2015 ta ba mutum kwana 30 ya mayar wa dila mota mai aibi ya karɓi kuɗinsa. Kowace ƙasa da tata, amma ko'ina jinkiri hujjarka yake ci.

Yanzu ga maganar da ta fi damuna a tambayarka. An yanke hukuncin canza giyabos, amma ban ji ka ce an duba mai ko an sa kwamfuta ba. Kuɗin bincike kaɗan ne idan aka gwada shi da kuɗin giyabos, kuma shi ne kuɗin da ya fi kowanne amfani a wannan lamari.

A fara da mai. A yawancin motoci ana duba shi ne mota a fili madaidaici, inji ya yi zafi yana aiki, an bi da hannun giya ta kowane matsayi an dawo P. Honda da yawa kuwa sai an kashe inji ake dubawa nan take, wasu sababbin motoci ma ba su da sandar awo, ta wani noti a jikin giyabos ake gani. Ɗiga man a kan farar takarda ka duba da idonka. Ja ne garau, ko ya ɗan yi duhu amma ba wari? Da sauran fata. Idan ya yi ƙasa da layi, yana iya zama shi kaɗai ne dalilin jinkirin safe da zamewar, sai a nemo inda yake yoyo: bakin sil, gasket ɗin kwanon ƙasa, ko bututun da ke kai mai lagireto. Idan baƙi ne yana warin ƙuna, faiba ta riga ta ci wuta. Idan ya yi kamar an zuba masa madara, ruwan lagireto ne ya shiga, wannan kuwa yana ɓamɓare faiba daga jikin ƙarfenta, kuma duk giyabos ɗin da aka sa ba a canza lagireton ba, shi ma haka zai mutu. Wani abin lura: tsohuwar mota mai dogon kilomita, man giyarta sabo fil, ga alamar an taɓa notocin kwano kwanan nan, tana iya nuna cewa mai ita ya san da ciwon kafin ya sayar.

Sai batir. Inji a kashe ya nuna wajen bolt 12.6, yana aiki tsakanin 13.5 da 14.5. Wuta mai rauni tana rikita kwamfutar giya har ta riƙa canji da duka.

Daga nan a sa na'urar bincike wadda ke karanta sashen giya, ba ta inji kaɗai ba, kuma a rubuta maka lambobin kafin a goge. P0700 cewa kawai take yi akwai ƙorafi a sashen giya, ba ta faɗi mene ne ba. P0715 da P0720 na sensar gudu ne, ƙananan abubuwa da sau da yawa ake canzawa daga waje. Lambobin da suka fara daga P0750 galibi na solonoyid ne, wato ƙananan bawul na lantarki da ke buɗe wa man giya hanya, ana kai musu ta kwanon ƙasa ba tare da sauke giyabos ba. P0741 ta shafi kulocin konbata, wato abin da ke haɗa inji da giyabos. P0730 ce mai nauyi, domin tana nufin gudun da ke shiga da wanda ke fita ba su dace da giyar da aka sa ba, wato sau da yawa alamar zamewa ce. Ka kuma ce a duba ko an goge lambobi kwanan nan, na'ura mai kyau tana nuna nisan da aka yi tun gogewar ƙarshe. Idan ya yi daidai da tafiyar da ka yi tun ranar ciniki, ka samu abin nuna wa mai sayarwa.

Bayan ka ji ta bakinsa, a sauke kwanon ƙasa a duba maganaɗisun da ke ciki. Laushin toka-toka kamar kwalli ba komai ba ne. Ɓarɓashin ƙarfe mai ƙyalli ko baƙin garin faiba da yawa, to aiki ya kai ciki. Idan kwanon da tsabta, a canza filta da gasket, a zuba man da kamfanin ya rubuta: Toyota WS ba T-IV ba ne, Honda tana da DW-1, giyar CVT (nau'in otomatik marar matakan giya) ta Nissan NS-2 ko NS-3 take sha, man otomatik na gama-gari yana lalata ta. Juyewar kwano lita 3 zuwa 4 kawai take fitarwa, saura yana cikin konbata, shi ya sa ake maimaitawa bayan 'yan ɗaruruwan kilomita. Ban yarda da wanke giyabos mai zamewa da injin matsi ba, dattin da ya kwanta yake tayarwa ya toshe ƙananan hanyoyin mai. Ruwan kwalba da ake cewa yana hana zamewa kuma ɓoye ciwo yake yi na ɗan lokaci.

To idan bincike ya nuna giyabos ya tafi fa? Nan lissafi ya shigo. Kuɗin da ka biya ranar ciniki ya riga ya fita, kada ya zama shi ke tuƙa ka. Lambobi uku za ka nema: abin da za a sayi motar a yadda take yau, abin da za a saye ta bayan gyara, da kuɗin gyara haɗe da na hayar motar da za ta riƙa kai maka kaya kwanakin da take gareji. A ce lafiyayya tana kai 100, a haka ana taya ta 65, gyara da haya 25. Gyara ya fi, ka tsira da 10. Idan gyaran zai ci 40, ko inji ma yana hayaƙi, sayarwa ta fi. In sayarwar ce, ka faɗi aibin a rubuce. Ɗan kasuwa da sunansa yake ci, kuma ka ɗanɗana zafin abin da kanka.

Ka kai wa mai sayarwa rahoton binciken da zaɓi uku: ya karɓi motarsa, ya ɗauki gyaran, ko a raba. Rabin kuɗin gyara a hannu cikin mako guda sau da yawa ya fi shari'ar da za ta hana ka zaman shago wata da watanni. Kasonka kuma ya fito daga riba ko a biya shi kashi-kashi, kada ka sake taɓa kuɗin saro kaya, domin mota mai lafiya babu kayan ɗauka ba ta kawo komai.

Tsakanin sake ɗaura giyabos ɗinka da sayen na hannu, ƙwarewar mai aikin ce ke raba gardama. Ɗauri mai kyau yana nufin sabuwar faiba, sil-sil, filta, da konbata da aka gyara ko aka canza. Na hannu ya fi sauri, amma ba ka san tarihinsa ba, don haka lambar da ke jikinsa ta dace da ta naka harafi da harafi, a ba ka kwanakin gwaji a rubuce, a kuma fayyace wanda zai biya kuɗin saukewa da ɗorawa idan bai yi ba. Ko wanne ka zaɓa, a wanke bututun sanyaya mai kafin a haɗa, a sa kwamfuta ta sake koyon canjin giya idan motar na buƙata, kuma ka riƙe wani kaso na kuɗin aiki sai ka yi gwajin aƙalla minti 30 da kaya a ciki, har da hawan tudu, inji da zafinsa.