Me ya sa garin Galena ya ragu haka?

Malam, ka tambayi dalilin da Galena, can arewa maso yammacin jihar Illinois a Amurka, ya koma ɗan ƙaramin gari. Dalma ce ta gina shi. A tsakiyar ƙarni na 19 ana haƙo ta a tuddan yankin, jiragen ruwa na kwasa ta Kogin Galena zuwa Kogin Misisipi, jama'arsa ta kai wajen 14,000. Da kasuwar dalma ta faɗi, laka kuma ta cike Kogin Galena, mutane suka watse. Ƙidayar 2020 ta samu 3,308 kacal. A nan Ulysses Grant, wanda daga baya ya zama shugaban ƙasar Amurka, ya zauna a 1860, kafin yaƙin basasar Amurka. Abin da ke burge ni, tsofaffin gine-ginen jan bulo na nan tsaye, su ke jawo 'yan yawon buɗe ido yanzu.