Me ya sa hotunan kyamarata mai dogon zumin ke fitowa dishi-dishi?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Wata uku ke nan da na sayi irin kyamarar nan da ba a cire mata lens, mai zuƙo abu ninki 83, saboda ina sha'awar ɗaukar tsuntsaye da wata. A allon bayanta hotunan suna burge ni, amma in na zuba su a kwamfuta sai in ga kamar an shafe su da jiƙaƙƙen tsumma, gashin tsuntsu duk ya cuɗe. Da yamma kuwa wayata ma ta fi ta. Lalatacciya aka sayar mini ne, ko in rabu da ita in nemi babba mai canjin lens?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka yi gaggawar rabuwa da ita. Abubuwan da ka lissafa hali ne na duk danginta, kuma yawancinsu maganinsu na hannunka.

Irin taka ana ce mata birij, wato gada, don ta tsaya tsakanin 'yar kyamarar aljihu da babba ta masu sana'a. Jikinta na manya ne, amma sensa ɗin da ke cikinta, farantin nan da haske ke sauka a kai ya zama hoto, ɗan mitsitsi ne. Girman da aka fi sa musu shi ne wanda ake rubutawa 1/2.3, kusan milimita 6 a faɗi, 4 da rabi a tsayi, bai cika farcen ƙaramin yatsanka ba. Na manyan kyamarori kuwa milimita 36 ne da 24, ya ninka naka kusan sau 30 a fili. A kan wannan ɗan farce aka jera fiksel miliyan 16, wasu ma miliyan 20, kowane ɗigo faɗinsa bai kai ɗaya da rabi cikin dubu na milimita ba. Ɗigon da ya ƙanƙance haka, hasken da yake tarawa kaɗan ne.

Da gangan masu ƙera ta suka zaɓi hakan, domin ƙanƙantar sensa ita ce sirrin dogon zumin ɗin. Ɗauki Nikon Coolpix P900 da ta fito a 2015. Ana rubuta tsawon lens ɗinta milimita 24 zuwa 2000, kuma in ka raba 2000 da 24, nan 83 ɗin ya fito. Amma ainihin tsawon lens ɗinta a ƙarshen zumin milimita 357 ne kawai. Ƙaramin sensa yana yanko tsakiyar abin da lens ya gani, sai ya bayyana kamar na 2000. Da za ka nemi wannan nisan a babban sensa, da ka ji a jikinka. Nikon ta taɓa yin lens mai milimita 2000 na gaske a shekarun 1970, nauyinsa ya haura kilo 17, alhali P900 gaba ɗayanta ba ta cika kilo ɗaya ba. Taura biyu ba ta taunuwa: an ba ka nisan da za ka rataya a wuya ka yini kana yawo da shi, an karɓe maka yalwar haske.

Abin da ka gani a gashin tsuntsu daga nan ya taso. Duk lokacin da haske ya yi wa kyamara kaɗan, sai ta ɗaga lambar ISO, wato ta ƙara wa ɗan abin da sensa ya samo ƙarfi, kamar yadda ake ƙure muryar rediyo in tasha ta yi nisa, maganar ta ƙaru, shuuu ɗin ma ya ƙaru. A hoto wannan shuuu ɗin yana fitowa tsaki-tsaki kamar an watsa yashi. Kyamarar ba ta son ka gan shi, sai ta bi ta goge, kuma ba ta iya bambanta yashin da siraran layukan gashi. Buɗe hoton tsuntsu guda a kwamfuta ka ƙara girmansa, ka duba ƙirjinsa. Za ka tarar ido da baki sun fito sarai, don suna da iyaka mai kaifi, amma ƙirjin da ya kamata ka ƙirga silin gashinsa ya koma faci-faci kamar fenti. Ganye da ciyawa ma haka take yi musu. A ISO 100 zuwa 200 da wuya ka lura da wannan, a 400 ana iya haƙuri, daga 800 zuwa sama kuwa sai ya fito fili. Ni a irin waɗannan kyamarori ina shiga saiti in kafa wa ISO iyaka a 400, in rage ƙarfin gogewar zuwa mafi ƙanƙanta in akwai wurin. Na fi son ɗan yashi da gashi a raye a kan hoto sumul da ba komai a cikinsa. In taka tana ajiye hoto a tsarin RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta goge ba, kamar P950 da P1000 da Canon SX70 HS, yi amfani da shi, ka yi gogewar da kanka a kwamfuta gwargwadon yadda kake so. P900 ba ta da shi.

Abin da ke ƙara dagula lamarin shi ne, ƙofar hasken lens tana tsukewa yayin da kake zuƙowa. A farkon zumin tana f/2.8, a ƙarshensa ta koma f/6.5 (ƙaruwar lambar na nufin tsukewar ƙofar), hasken da ke shiga ya ragu fiye da sau biyar. A P1000 ta 2018, mai ninki 125 da ke kaiwa milimita 3000, ƙofar tana komawa f/8, ragin ya kai sau takwas. Wato daidai inda ka fi buƙatar haske, nan ta fi rasa shi. Kuma kada wani ya ba ka shawarar ƙara tsuke ƙofar don hoto ya yi kaifi, kamar yadda ake yi a manyan kyamarori. Haske in ya bi ta ƙuntatacciyar ƙofa bazuwa yake yi, ɗigo guda ya fantsama a kan fiksel da yawa. A f/8 faɗin fantsamar ya kai kusan fiksel takwas na irin sensa ɗinka. Bar ƙofar a buɗe iyakar buɗewarta, kullum.

Sai rawar hannu, wadda nake zargin ita ta ɓata maka mafi yawan hotunan. A milimita 2000 abin da kyamara ke gani daga gefe zuwa gefe kusan digiri ɗaya ne tak. Sa ido a tagar leƙe, 'yar kafar nan da ke saman allon baya, ka kashe na'urar hana rawa na ɗan lokaci, za ka ga bugun zuciyarka na girgiza hoton. Tsohuwar ƙa'idar masu ɗaukar hoto ita ce saurin shata, labulen nan da ke buɗewa ya rufe, kada ya gaza lambar tsawon lens, ke nan 1/2000 na daƙiƙa a nan. Na'urar hana rawa tana sassauta wannan sosai, har mai tsayayyen hannu ya samu hoto mai kyau a 1/500 ko ƙasa da haka. Sai dai hannunka kaɗai take riƙewa, ba ta riƙe tsuntsu. Ƙaramin tsuntsu ko yana zaune kansa ba ya tsayawa, yana son 1/500 zuwa 1/1000. In ka bar kyamara a oto a ƙarƙashin inuwar bishiya, za ta sauko da shata zuwa 1/60 ta ɗaga ISO, ka haɗa ciwo biyu a hoto ɗaya. Juya maɓallin sama zuwa S, ko Tv in Canon ce, ka zaɓi saurin da kanka. Daina miƙe hannuwa kana kallon allon baya; manna tagar leƙe a ido, gwiwar hannu a jikin haƙarƙari, tafin hagu a ƙarƙashin lens, ka jingina da bango ko kututture in akwai. Ka riƙa ɗaukar biyar ko shida a jere, galibi ɗaya a tsakiya yakan fi sauran kaifi.

Akwai kuma abin da babu kyamarar da ta fi ƙarfinsa, kuma shi na fi so ka riƙe. Zumin yana kawo maka abu kusa, amma iskar da ke tsakaninku tana nan yadda take. Ka san kawalwalniyar da ke rawa a kan kwalta da tsakar rana? Iska mai zafi da mai sanyi ne ke cakuɗuwa suna lanƙwasa haske, kuma tana nan ko'ina a saman ƙasa mai zafi, ido ne kawai ba ya kama ta. Lens mai 2000 yana kama ta, ya ƙara mata girma tare da tsuntsun. Na sha ɗora kyamara a kan ƙafa uku in auna falwayar da ke nesa da azahar, sai in ga gefenta na lanƙwashewa kamar igiya a cikin ruwa. Washegari da sanyin safiya, daga wuri ɗaya, har tsagar jikinta ana gani. Hazo da ƙura da tururin saman ruwa ma haka suke cinye launi. Saboda haka tsuntsun da ke nisan mita 10 a rabin zumin zai fi na mita 80 a ƙarshen zumin kyau nesa ba kusa ba. Matsa kusa a hankali, rana a bayanka, da hantsi ko bayan la'asar kafin haske ya faɗi. Ƙarshen zumin ka ajiye shi don gane wane tsuntsu ne, ko don abin da ba ka da hanyar kusantarsa. Zumin na dijital da ke ɗorawa a kan 83 ɗin kuwa kashe shi, yanka ne kawai da kumburawa.

Wajen kama fokos ma sai ka yi mata uzuri. Yawancinsu suna lalube ne, su yi gaba su yi baya har su sami inda hoto ya fi kaifi, kuma a dogon zumin cikin ƙarancin haske laluben yakan daɗe. Mayar da akwatin fokos guda ɗaya ƙarami a tsakiya, don kada ta kama reshen da ke gaban tsuntsun. Tsuntsu mai tashi zai wahalar da kai, wannan ba fagenta ba ne.

Wata kuwa, a nan take nuna bajintarta. Faɗinsa a sama kusan rabin digiri ne, don haka a 2000 yana cika mafi yawan tsayin hoton. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauka tunda dare ne sai a ba shi haske mai yawa, alhali hasken rana ne a kansa. Kyamara tana ganin baƙin sama ta buɗe, watan ya fito fari fat ba zane. Sa ISO 100, shata wajen 1/250, ka duba ka gyara. Kada ka jira daren sha huɗu. Ramuka da tsaunukansa sun fi fitowa tsakanin bakwai da goma ga wata, a bakin layin da haske ya haɗu da duhu, inda inuwa ke da tsawo. Jira ya ɗaga sama sosai, ka ɗora a ƙafa uku, ka sa taima ta daƙiƙa biyu ko goma, don ta ɗauka da kanta bayan ka cire hannu. Za ka ga yana silalewa daga cikin hoton, don cikin minti biyu yakan matsa da kimanin faɗin kansa.

Batun waya da yamma gaskiyarka ne. Ƙofar lens ɗin waya ta fi faɗi, sensa ɗin yawancin na yanzu ya kai naka ko ya fi, sannan tana ɗaukar hotuna da dama cikin ƙiftawar ido ta haɗe su wuri guda. A ɗaki ko bayan magariba, ciro wayarka.

Kafin ka yanke hukunci kan lafiyarta, gwada wannan. Manna shafin jarida a bangon da rana ke haskawa, ka ja baya mita 15, kyamara a kan ƙafa uku ko tebur, ISO 100, da taima. Ɗauka a rabin zumin, ka sake a ƙarshensa. In ƙananan rubutun sun karantu, kuma gefen dama da na hagu sun yi daidai, lafiyarta ƙalau. In gefe ɗaya kullum ya fi ɗaya dushewa, ko tsakiyar ma ta ƙi fitowa a wannan yanayi mai sauƙi, to lens ɗin ya goce, ka mayar da ita.

In ta ci gwajin amma har yanzu ranka bai kwanta ba, akwai mataki na tsakiya kafin ka kai ga mai canjin lens: birij masu sensa da ake kira inci ɗaya, milimita 13.2 da 8.8, wanda ya ninka naka sau huɗu. Panasonic FZ1000 tana kaiwa 400, Sony RX10 IV ta 2017 tana kaiwa 600 a f/4, kuma fokos ɗinta yana bin tsuntsu a sama. Gashin zai fito, yamma za ta yi sauƙi, amma watan zai koma ƙarami a tsakiyar hoto. Tunda wata na cikin abin da ya sa ka saye ta, ni dai shawarata ka ba taka wata biyu da waɗannan saituna, ka fita da sassafe. In ka samu hali ka turo mini hoto ɗaya da ya yi kyau da ɗaya da ya ɓaci, tare da lambar shata da ISO na kowanne, mu duba tare.