Hoton mamanki da takardar Yamai

Ɗiyata, saƙonki sau biyu na saurare shi. Wai tun da an yi wa mamanki aiki an cire kullutun da ke nononta, kina son sa hotonta a zauren dangi na WhatsApp a taya ku addu'a, ita kuma ta hana, shi ne kike tambaya wace al'ada ce ta ce a yi shiru. Na yi dariya, amma daren nan ban runtsa ba. Hoto fa! Mace kwance ko ɗankwali babu, a dinga yawo da ita a aljihun mutane daga Agadas har Kano.

Shekarar yunwar 1984, wadda muke kira El Buhari, kakarki ta yi irin wannan kullutu a wuya. Wanzami ya yi ƙaho, malam ya ba da rubutu, abu sai girma yake yi. Sai da tuwo ya fara tsaya mata aka kai ta likita. Lokotoro ya cire, ya jefa ɗan yanki cikin kwalba mai ruwan magani, ya ce sai an kai Yamai an duba. Tafiyar kilomita wajen 900 ke nan, ga shi ba waya a hannun kowa.

A gidanmu na Birni ba wanda ya ambaci sunan ciwon. "Jikin ne dai," haka muke ce wa 'yan dubiya. Ita kuwa kullum bayan la'asar sai ta sa a shimfiɗa mata tabarma a zaure, wai iska take sha, alhali ƙarar kowace mota sai ta ɗaga kai. Juma'a ta yi, na soya waina, almajirai su cika ƙofa, ba su san ko sadakar mene ne ba. Ran da takardar ta iso, da Faransanci aka rubuta ta. Muka tsaya cirko-cirko, sai da aka fizgo wani ɗan lakwal daga wajen ƙwallo, ƙafa duk ƙura, yana karantawa yana in-ina. Ba ciwon daji ba ne. Kakarki ta ce a ba yaron fura, ta shige ɗaki, can muka jiyo kukanta.

Iya takan ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Amma ita ce dai ke cewa wanda ya ɓoye ciwonsa ya ɓoye maganinsa, kuma da mun ji wannan da wuri, da kakarki ba ta kai ga kasa haɗiya ba. Ɓoye wa lokotoro wauta ce. Ku kuma 'yan yanzu, tun ba a ɗinke mutum ba kun sanar da duniya.

Jinkirin fitowar sakamakon gwajin mamanki kada ya tsorata ki. Naman da aka cire sai an daskarar da shi cikin wani irin kaki kamar na kyandir, a yanka shi ya fi fatar albasa siranta, a rina, sannan masani ya duba ta madubin ƙara girma. Ba kowane kullutu ne daji ba, in ma shi ne, akwai cibiyar masu ciwon a Yamai.

Kawunki dai ya kamata ya sani, amma daga bakinta. Ki tambayi lokotoro ranar komawa, ki rubuta. Kuma ki dama mata kunun tsamiya, kada ki cika sukari irin na ran nan.